Kunnuwan Bishiyar Kawu

A watan Yuli na karɓi makullin gidan,
sanyin kogin Paraná yana ratsa ƙashi.
Kawu Fulgencio ya bar mini tukwane uku, gado mai ƙara,
da wata bishiya a bayan ɗaki
wadda inuwarta kaɗai ta fi gidan faɗi.

Ba ganye, ba fure.
Sai baƙaƙen kwanso suna reto a rassa,
kowanne a naɗe, da lanƙwasa, da ɗan rami a tsaka,
kai ka ce kunnuwan mutane aka shanya.
Na tsinci ɗaya, na juya shi a tafina,
na ji nauyin yin magana a gabansa.

Mai kantin magani ya gyara tabarau, ya ce bai sani ba.
Malama Zunilda ta ce in jira fure,
wai bishiya ba ta faɗin sunanta tana tsirara.
Ni kuwa ba ni da haƙurin wata huɗu.
Yaya zan kwana, in tashi, in yi shara
ƙarƙashin abin da ban san yadda zan kira ba?

Aka ce in gangara bakin ruwa
wurin tsoho Anselmo, mai sassaƙar kwale-kwale,
wanda yana ta rufe wa idanu tun bara waccan.
Bai nemi haske ba.
Ya bi gefen kwanson da babban yatsa
kamar mai karanta wasiƙar da ya haddace,
ya kai shi kunne, ya girgiza.
Ƙwayoyin ciki suka amsa: kacau, kacau.
Ya fasa shi da dutse, ya murza a ruwan kwano,
kumfa ta taso ta rufe masa farce.

"Timbó," in ji shi.
"Kada ki bar saniya mai ciki ta kusance shi.
Ke ce 'yar ƙanwar Fulgencio?"

Sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ashe tare suka binne ƙwayar, suna samari,
da alkawarin in ta kai, za a sare a yi jirgi,
rabi nasa, rabi na kawu.
Ta kai, ta wuce kaiwa.
Duk shekara ya hau tudu da gatari a kafaɗa,
duk shekara kawu ya shimfiɗa masa kujera a inuwa,
ya ce, "Zauna tukuna. Baɗi."

"Yanzu fa?" ya tambaye ni,
hannunsa na laluben ƙotar gatarin.

Na koma gida da ragowar kumfa a yatsu.
Iska ta taso, kunnuwa dubu suka karkato,
dukkansu suna jira su ji.
Na ɗauko kujerar kawu, na kakkaɓe,
na aika yaro ya gaya wa tsohon
ya zo gobe da hantsi, akwai shayi,
maganar jirgi kuma, sai baɗi.