Tauraron Farko a Bakin Kolbil

Makon nan rana ta fara koyon faɗuwa.
Takan sunkuya bayan tudu kamar mai neman allura,
ta ɗago kafin shayi ya huce.
Wata biyu ke nan ina asuba da agogo,
da lissafin wani gari can kudu,
ina alwala da ruwan da ke cizo har ƙashi.

Tanti bakwai ne a bakin Kogin Kolbil,
sai rumfar girki, sai janareto mai tarin tsufa.
Babu itace. Na duba gabas, na duba yamma.
Abin da ake kira kurmi a wannan gefen Alaska
bai wuce idon sawuna ba.

Aikina sandar ƙarfe.
In soka, in danna, in ƙara dannawa,
har ta ce ƙwas a kan ƙanƙarar da ke kwance a ƙasa
tun kafin a haƙa rijiyar farko a garinmu.
Lorna ke riƙe da littafin da ruwa ba ya ci.
Bara santimita hamsin da biyu.
Bana sittin.
Ta rubuta, ta ja hanci,
muka matsa taku goma, na sake sokawa.

Sauron Yuli, da ya raina rigar raga da addu'a,
sanyin dare uku ya gama da shi.
Ban yi masa ta'aziyya ba.
Ciyawa ta rine, ja kamar tafin da ya kwana da lalle,
dinyoyi sun fara jera sahu suna gardamar hanya.

Yajin da Goggo Ladiyo ta daka mini
saura na gindin kwalba.
Thaddeus mai girki ya barbaɗa a miyar gwangwani,
ya yi hawaye, ya yi tari, ya miƙo cokali a ƙara.
Tun ranar nake ɓoye kwalbar cikin safa.

Ran Talata Nasuk ta zo daga Nuiqsut a kwalekwalen inji,
da farin kifi huɗu da jikanta mai rowar magana.
Ta nuna mini 'ya'yan ciyawar da ake ci
da waɗanda ake bar wa tsuntsu.
Ta ce rumbun kakanta a cikin ƙasa yake,
ƙanƙara ke tsaron nama shekara da shekaru,
yanzu rufinsa na ɗiga.
Na tuna namu rumbun da gara ta cinye ta ƙasa
alhali jinkarsa na tsaye lafiya.
Ban faɗa mata sittin ba.
Ta riga sandata sani.

Jiya garken karibu ya ratsa bayan tantuna,
ɗaruruwa, ba makiyayi, ba sanda, ba kira,
sai ƙas-ƙas ɗin agararsu cikin hazo.
Da safe ga sawun beyar a laka,
hulata ba ta rufe shi ba.
Kowa ya yi dariya,
kowa ya wanke kwanonsa sau biyu.

Lahadi ake ba ni minti biyar a waya.
Inna ta ce gero ya fitar da kai,
ta ce, can ma ana ruwa?
Na ce ana yi, Inna, amma a kwance yake zuwa.
Ta ce in rufe ƙirji. Layi ya yanke.

Saura kwana tara jirgi mai saukar ungulu ya zo.
Cikin dare fitsari ya fitar da ni,
takalmi a hagunce, haƙora na kaɗawa,
na ɗaga kai ba da niyya ba,
sai ga shi. Guda ɗaya, ƙanƙane,
kamar ƙwayar gero a bakin turmi.

Na yi niyyar tashin Lorna.
Na tsaya dai, hannu a hammata,
har sai da na daina jin yatsun ƙafata.