Tikitin Zuwa da Dawowa

Shekara talatin da huɗu ina bayan gilashi
a tashar Santa Apolónia,
ina sayar wa mutane garuruwa.
Tomar, zuwa da dawowa.
Santarém guda biyu, ɗaya na yaro.
Na san kuɗin kowanne kamar yunwar cikina,
amma tafin ƙafata bai san ko ɗaya ba.

Yanzu na ajiye aiki.
Gwiwa ta ƙi hawa,
Lisbon kuwa tudu ce bisa tudu.

Daren Juma'a jikata Iolanda
ta ture kwanon miyar kabeji gefe,
ta ɗora waya a gurbinsa:
"Kaka, gobe sai mun bar garin nan.
Mu fita da hantsi, mu kwana a gida. Zaɓi."

Sintra, in ji ta,
fada ja da rawaya a ƙolin dutse.
Na ce duniya kaf can za ta gobe,
mu biya kuɗi mu kalli ƙeyar baƙi?
Óbidos fa, a hau ganuwa a zaga gari?
Na nuna mata gwiwa, gwiwa ta amsa da kanta.
Setúbal, kifi kan garwashi?
Likita Valdemar ya raba ni da gishiri tun bara,
kallon kitse ba zai kai ni ko'ina ba.
Mafra, inda aka ce jemagu ke gadin littattafai,
su cinye ƙwari kafin ƙwari su ci takarda.
Nan na yi dariya, na kusa cewa to.
Sai dai jemage ma'aikacin dare ne,
mu kuwa kafin ya tashi mun juyo.

Ta kife wayar.
"To kai ina ranka yake?"

Akwai wata mata.
Kowace Alhamis, ƙarfe takwas saura,
baƙar riga, furanni a naɗe cikin jarida,
kuɗinta cif, ba ta taɓa jiran canji ba.
"Mato de Miranda," ta ce, "da dawowa."
Shekara goma sha ɗaya
kalma biyar ɗin nan ce kaɗai tsakaninmu.
Wata Alhamis ta ce, "Zuwa kawai."
Na ba ta. Layi ya matso.
Ban ɗaga kai ba.

Iolanda ta laluba wayarta.
"Kaka, babu komai a can. Ko hoto ɗaya na kirki."
Na ce shi ya sa.

Da safe na tsaya a wancan gefen gilashi.
Ashe haka muke daga waje,
rabin fuska da 'yan yatsu.
Yaron ya sa na maimaita sunan sau biyu.

Kogin Tejo ya raka mu ta dama,
ya gaji, ya koma.
Gonaki, shamuwa kan turken lantarki,
wani tsoho da keke yana jiran mu wuce.

Mu biyu muka sauka.
Benci ɗaya, kare mai barci,
ɓaure ya zubar da 'ya'ya ba mai tsinta.
A shagon gahawa mai tebur uku
na tambayi mai wurin, Dona Graciete,
ko ta san mata mai furannin Alhamis.
Ta goge kofi, ta daɗe tana gogewa.
"Masu furanni ai suna da yawa,
duk hanyar can suke bi."
Ta nuna da haɓa.

Ban bi hanyar ba.
Na sha gahawa, Iolanda ta ci ɓaure har biyar,
ba ta ɗauki hoton komai ba sai karen.

A jirgin yamma ta yi barci a kafaɗata.
Ni kuwa ina ta taɓa aljihu,
ina jin rabin tikitin nan na dawowa.