Hatimi Huɗu a Aljihun Tebur

Shekara ashirin da uku ke nan
ina zaune bakin wannan taga a biron ansipekta,
ina jin ƴan kabu-kabu na kiran fasinjan Birni.
Aikina buga takarda da danna hatimi.

A aljihun teburina hatimi huɗu ne.
Uku sun mutu, ba a yi musu zaman makoki ba.
Na fari yana ɗauke da sunan ma'aikatar da aka raba biyu,
na biyu sunan rabin da aka sake haɗewa,
na uku bai cika wata bakwai ba
wasiƙa ta zo daga Yamai ta ɗauke masa numfashi.
Na huɗun nan a hankali nake danna shi,
kamar mai taɓa jinjirin da ba a raɗa wa suna ba.

Ran Talata Mushe Situ ya shigo,
darektan lakwal a wani ƙauye bayan Dogo.
Iskar ruwan fari ta kwashe rufin aji biyu,
kwano ya tashi ya sauka a gonar mai gari.
Yara tamanin da shida suna ƙarƙashin gawo,
jarrabawa saura kwana ashirin.
Gawo kuwa kowa ya san halinsa,
sai ruwa ya sauka yake zubar da ganye.

Na ce, Mushe, da bara ce, wannan magana tamu ce.
Bana an sauko da iko kusa da jama'a,
rufi ya koma hannun magajin gari.
Ya ce daga can yake.
Sun ce ikon ya iso, da lambarsa da kwanan wata,
kuɗin ne ke bisa hanya.
Suka tura shi wurin kwamitin iyaye.
Kwamiti ya buɗe akwati: jika huɗu da ƴan canji,
da littafin lissafi mai shafi sittin cikin Faransanci,
ma'aji kuwa Barma mahauci ne,
lissafinsa a ka yake, bai taɓa ɓatar da dala ba.

Na miƙa masa sabuwar takardar cikewa.
Akwai gurbin tebur, gurbin alli, gurbin masai,
gurbin awannin da aka koyar da harshen gida.
Babu gurbin rufin da ya tafi gona.
Ya rubuta shi a gefe da ƙananan baƙaƙe,
na'ura kuwa ba ta karanta gefe.

Ba zan ce gyaran duk iska ba ne.
Jikata Cima tana aji biyu,
jiya ta karanta mini allon mai shayi da Hausa
ba tuntuɓe,
ni da aka rataya wa ƙashi a wuya
don na ce "ruwa" a farfajiyar lakwal.
Wannan ma cikin wasiƙa ya zo,
ni na karɓe ta, ni na danna mata hatimi na uku.

Bayan azahar waya ta yi ƙara.
A dakatar da duk takardu sai Litinin,
an sake sunan sashe, sabon hatimi na tafe.

Na dubi agogo. Direbanmu Ila bai tashi ba tukuna,
yana alwala gindin dalbejiya.
Na jawo takardar Situ daga ƙasan tari,
na kwafe abin da ke gefe zuwa tsakiyar shafi,
na sa kwanan watan jiya,
na hura wa na huɗu numfashi don tawada ta yi ƙaranci,
na danna da dukan nauyina.

Da la'asar na hange shi bakin Kasuwar Dole,
ya ɗaure zana biyar a bayan babur
da kuɗin albashinsa.
Gabas ta fara haɗa hadari.
Bai gan ni ba, yana jan igiya da haƙori.