Ɗan Allo a Gwangwanin Madara

Direban da ke bin hanyar Ɗan Isa ne ya kawo shi,
leda a cikin leda,
ya dire mini a kan teburin gyara
tsakanin gawar rediyo biyu da kwalbar dalma.

Shekara talatin da ɗaya ina farke cikin rediyo a Bagalam,
ban taɓa ganin hanji yana yawo ba tumbi ba.
Na ce, Tsahara, ina sauran?
Ta ce, Kawu, iyakarsa ke nan.
Kore ne shar, bai cika tafin hannuna ba,
da haƙora arba'in jere a gefe guda
kamar matsefin tagulla.

Ta zaro kati daga bakin gyalenta,
bai fi farcen ƙaramin yatsa ba.
Wai a jami'a ta kwana tana ɗura masa karatu.
Muka jona shi da talabijin ɗin nan
da mai ita ya manta da ita tun bara waccan.

Shiru.
Jan ido ya ƙifta, ya mutu, ya sake ƙiftawa.
Ta cire katin, ta hura, ta mayar.
Ta cire, ta mayar.
Har aka kira la'asar gilashin baƙi ne wuluk,
sai fuskarta a ciki tana cizon leɓe.

Ni ban san yarensa ba,
amma na san idon mai jin yunwa.
Na ce, cajar nan ta jika guda ba ta ƙosar da shi.
Na tono wata mai nauyi daga ƙasan akwati,
na kakkaɓe mata kashin ɓera.
Sai ga farin rubutu yana gudu a kan baƙi,
tururuwa ta ji labarin gero.
Tsahara ta yi ihun da ya sa mai shayi ya leƙo.

Ya nemi kalmar sirri.
Ta ba shi sunan akuyar da ta cinye mata littafin lissafi
tana aji uku.

Ranar Lahadi muka ɗauke shi a babur zuwa Jiratawa,
a gwangwanin madara da na huhhuda don ya sha iska.
Nomau ya tsaya a bakin fangalin zogalensa,
hannu a ƙugu.
Ta soka ƙarfe biyu a ƙasa, ta ja waya zuwa famfo.
Ta ce, in ƙasa ta ji ƙishi kuma asuba ta yi, zai ba ta ruwa.
Nomau ya ce, to, mu ga abin da ya ture wa buzu naɗi.

Kwana tara lafiya lau.
Na goma wuta ta ɗauke da dare,
ta dawo da rana a tsakiyar ka.
Ɗan allo ya farka bai san ƙarfe nawa ba,
ya ɗauka asuba ce,
ya kwarara wa 'yan dashe ruwa cikin garjin azahar.
Nomau ya zo har shago, ko sallama bai ƙarasa ba.

Ashe ba ya riƙe lokaci in ya yi barci.
Ni ma haka nake tun rasuwar uwar gidana.

Ta samo wani ɗan guntu mai cin batirin agogon hannu.
Waya huɗu za a liƙa.
Hannuna yana rawa in na ɗauki kofi,
bai yi ba da na ɗauki ƙarfen dalma.

Yanzu ta koma karatu.
Nomau ya ce famfon na rigan ladan tashi,
ya aiko mini da ƙunshin zogale, bai ce komai ba.
Ta bar mini takarda liƙe a bangon shago,
layi bakwai na umarni da rubutun hannunta.
Guda ɗaya na haddace,
wanda ake faɗa masa kafin a zare waya,
don ya tattara kayansa
ya kwanta da kansa.