Allura Tara

Shagona yana kan matakala ta ɗari da sittin da biyu
in ka fara ƙirge daga bakin teku,
a Valparaíso, inda gishiri ke hawa tudu ba ya haki.
Ya ci ƙofata, ya ci kwadon,
yanzu ya sa baki a cikin akwatuna.

Abin da duniya ta gama da shi nake tarawa.
Linzamin kwamfuta mai ƙwallo a ciki, arba'in da ɗaya.
Madannai masu ƙara kamar ana fasa gyaɗa.
Wayoyi a rataye, kowace da irin bakinta,
babu wadda ke jin yaren 'yar'uwarta.
Matata Herminia ta ce maƙabarta na buɗe.
Na ce asibiti ne, marasa lafiyar ne ba sa gaggawa.

Ran Talata, ana yayyafi,
wata mata ta hawo da kaya a cikin bargo,
ta rungume shi kamar jinjiri mai nauyin buhu.
Eulogia Barraza. Ta zauna kafin ta gaishe ni.
Firintar mahaifinta ce, akawun kwastan,
shekara talatin a saman kabad,
girgizar ƙasa biyu ba su kayar da ita ba.

Babu suna a jikinta, tambarin ya ɓare.
Na juya ta, na ƙirga haƙoran soket ɗin baya,
na shinshina robar,
na haska tocila a kan injin bugun:
allura tara, a jere, biyu sun maƙale.
Na san danginki, na ce mata,
firintar nake nufi.

Ciki kuwa sai du'a'i.
Bel ɗin ya narke ya koma kwalta.
Gizo-gizo ya yi gida, ya haihu, ya ƙaura.
Na tsinci masilla, da ƙwayar shinkafa,
da rabin tikitin jirgin ƙasa.

Kwana goma sha ɗaya.
Auduga, giyar goge ƙarfe, dalma da hayaƙinta.
Hannuna na rawa yanzu,
sai na jingina shi da gefen tebur
in riƙe numfashi.
Na ciro bel daga wata da ta riga ta mutu tun bara,
na roƙi gafararta.
Jikana Nibaldo ya ce, Kaka, sabuwa ta fi arha.
Na ce karen bana ya je ya kama zomonsa,
wannan zomon nawa ne.

Zaren tawadar ya bushe kamar ganda.
Na ɗiga masa mai, ɗigo, ɗigo,
na bar shi ya kwana.

Da ta dawo na zura takarda mai huji a gefe,
na danna.
Shiru.
Sai tari.
Sai wannan ihun,
zarto da gyare a maƙogwaro ɗaya,
hagu zuwa dama, dama zuwa hagu,
har kofin shayina ya fara tafiya a kan tebur.

Na miƙa mata takardar, haruffa ɗige-ɗige,
ina jiran yabo.
Ko kallonta ba ta yi ba.
Idonta a rufe.

Ta ce, da wannan ƙarar nake barci.
Bango ɗaya tsakanin gadona da teburinsa.
In na ji ta, na san ya dawo gida.

Na yi kwana goma sha ɗaya ina gyaran rubutu,
ashe murya aka kawo mini.

Ta ce in sake.
Na sake.
Takarda ta ƙare, na ɗauko wata.
A waje ruwa ya tsananta,
Herminia ta leƙo da niyyar faɗa,
ta tsaya a bakin ƙofa
da ludayi a hannu.