Auduga da Miyau

Takarda ce manne a jikin allo,
ruwan sama ya ci rabin rubutunta:
ana neman matasa huɗu, wata shida,
koyon jinyar zane a gidan tarihi.
Na karanta sau uku a tsaye,
digirina na barci a ƙasan akwati.

Kawu Sada ya ce, "Jinyar me?
Mutane na kwance a asibiti,
ke za ki duba lafiyar ƙyalle?"
Da safe na kama hanyar Rafindadi.

Malam Rabe bai ba ni buroshi ba.
Kujera ya ba ni, da fitila,
ya jingine zanen a gabana, ya ce,
"Zauna ku gaisa."
Sati uku muna gaisawa.

Wata mata ce mai sayar da tukwane,
an manta sunan wanda ya zana ta.
Gara ta yi kalaci da gefenta,
ɗigar rufi ta ja layi daga goshi har gwiwa.
Fenti ya tsattsage kamar ƙasan tafki a bazara,
wani ɓawo na rawa in na yi numfashi.
Na koyi riƙe numfashi.

Ranar da ya yarda in taɓa,
tsinke ya miƙo mini da auduga.
Na nemi kwalbar magani, ya nuna bakina:
"Miyau. Ya fi kwalba haƙuri."
Na naɗa, na jiƙa, na mirgina
a wuri kamar faɗin farce,
audugar ta fito da launin shayi.
Daga hantsi zuwa la'asar, farce shida.

Sai ga shuɗi.
Zanen da ta ɗaura, da na rantse baƙi ne,
ashe rinin baba ne, zane cikin zane.
Bayan ƙafarta kuma ɗan akuya,
ya daɗe a duhu yana jiran a gan shi.
Na yi ihu har mai gadi ya leƙo.

Hannunta na hagu ne da saura,
gara ta tafi da yatsu uku.
Ni kuwa na iya yatsu tun ina firamare.
Na haɗa launi a ɓoye, ya zo daidai,
Malam ya riƙe mini wuyan hannu:
"Kin san ko zobe gare ta?
Kin san ko kuɗi take ƙirgawa?
Cike ramin, kada ki yi mata ƙarya.
Abin da duk kika sa,
sa wanda na bayanki zai iya cirewa."

Wata shida ya cika ran Alhamis.
Alawus na hanya, in ji ofis,
gurbin aiki sai an ji daga sama.
Aka mai da ita bango.
'Yan makaranta suka shigo a layi,
wata ƙarama ta nuna ɗan akuyan da yatsa.
Ba wanda ya gane inda na taɓa.
Malam ya ce wannan ce takardar shaidata.

Na koma gida da tsinke ɗaya a jaka.
Kawu Sada ya ce, "Ya mai jikin?"
Na ce, "Da sauƙi, ta miƙe.
Yatsun ne dai ba su dawo ba."