Awon Tela

Shekara ashirin ina awon cikin mutane a Fagge,
ban taɓa ɗora tef a nawa ba
sai da likitar Nasarawa ta cire tabarau
ta ce, Malam Sagiru, jininka ya hau, kai ma ka hau.

Arba'in da shida.
Na ja ciki, na riƙe numfashi.
Arba'in da biyar da rabi.

Litinin na fara: kwaɗon zogale, shayi ba sukari,
malmala ɗaya kamar ta gidan rowa.
Daren Laraba na yi mafarkin bandashe,
mai yana gangarowa har gwiwar hannu.

Na ce wa Barira, a bar mini Juma'a.
Ko jaki ana sauke masa mangala.
In an sauko masallaci
in ɗan tsaya wurin Ɗanliti mai tsire.

Ta ce, na san Juma'arka.
Daren Alhamis take kamawa,
sai Lahadi da la'asar take sallama.
Ɗinkin da ba a ƙulle ba,
zare ɗaya za a ja.

Na taka keke, ban tanka ba.
Ni ma na san rigar da aka matse
ita ke fara yagewa a hammata.

Ga inda muka tsaya:
in cika wata tukuna,
sannan tsinke uku, a faranti, a gabanta,
ba a takarda cikin lungu ba.

Yau kwana tara.
Hayaƙin Ɗanliti ya san ƙofar shagona.
Na kunna masa fanka.
Aka ɗauke wuta.